Ɓarnar damina a Kaduna, tun da rani ake shuka ta

Kusan kowace shekara abu ɗaya ake maimaitawa a Kaduna. Farkon damina, a Afrilu da Mayu, iska ta kware rufin gidaje da na azuzuwan makarantu. Can a Agusta da Satumba kuma ruwa ya shiga Kigo Road da Bashama Road ta Tudun Wada da Rafin Guza da sassan Nasarawa da Kabala da Unguwar Rimi da Romi. Sai manya su zo jaje, a raba shinkafa da katifa da bargo da bandir ɗin kwano, a ja kunnen jama'a kan zuba shara a kwata, kowa ya kama gabansa. Tallafin yana da amfani ga magidancin da ya kwana da iyalinsa a kan bencin firamare, babu mai musun wannan. Amma ihu ne bayan hari. A ganina mafi yawan asarar da ake tafkawa da damina an riga an ƙulla ta tun tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da ake yanka filaye, ana zuba kwalbati, ana ɗora rufi, ana kasafta kuɗi. A wannan lokacin ne ya kamata idon gwamnati da na masu gida ya fi buɗewa, kuma a lokacin ne kowa ke barci.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar ambaliya a matsayin abu guda. A garin Kaduna iri biyu ce, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar komai.

Ta farko ta kogi ce. Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Filato, ya karɓi ruwan Galma wanda ya biyo ta Kubau da Soba da Zariya, sannan ya shigo gari ya raba shi biyu, ya wuce Shiroro da Zungeru har ya faɗa kogin Neja. Ruwan ƙasa mai faɗi ne yake tarawa. Shi ya sa ana iya kwana biyu ba a ga ɗigo a cikin gari ba, rana na dukan kowa, amma kogi yana ta hawa, saboda abin da aka zuba a Lere da Kauru da Kubau ne yake isowa. Irin wannan ce aka gani a 2003, aka sake gani a Satumban 2012. Takan zo a ƙarshen damina bayan ƙasa ta ƙoshi ta daina sha, tana hawa a hankali, in ta shiga gida kuma sai ta yi kwanaki. Ko an share kowace kwata ta Kaduna tas, ba zai rage mata ko taƙi ɗaya ba. Akwai kuma maganar da ke yawo duk shekara cewa Kamaru ce ta saki ruwa. Madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai take, ruwanta Yola da Makurɗi da Lokoja yake bi, ba shi da hanyar zuwa Kabala. Shiroro kuwa a ƙasa da mu take, nesa, buɗe ƙofofinta mutanen jihar Neja yake shafa. Ruwan da ke cinye mu namu ne, daga samanmu yake gangarowa, kuma wannan abin farin ciki ne ta wani gefen, domin ana iya sa masa ido tun yana hanya.

Ta biyu ita ce ta unguwa, wadda ruwan sa'a ɗaya ko biyu ke haddasawa. Ita ba ta ba da sanarwa. Lissafinta kuma kowa zai iya yi. Ruwan milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya kai kimanin murabba'in mita 450. In aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, lita 22,500 ce ta sauka a wannan fuloti kaɗai, wato jarka 900 mai lita 25. Lokacin da wurin yake gona ko fili mai ciyawa, ƙasa kan shanye mafi yawa, abin da ke gudu ba ya wuce kashi biyu ko uku cikin goma. Yau an rufe rabi da kwano, sauran an malale da siminti ko intalok har bakin get, kashi takwas zuwa tara cikin goma na ruwan waje yake fita, kuma cikin mintoci. A ninka wannan da gidaje ɗari uku na layi biyar ko shida da ke tudu, a tambayi inda ruwan zai bi. Zai bi kwalbatin da aka zuba shekaru talatin da suka wuce, lokacin da gidajen ba su kai hamsin ba. Ga kuma sauyin yanayi yana ƙara nasa: duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin danshi na kusan kashi 7 cikin 100, don haka ruwan da a da yake sauka a rarrabe yanzu ya fi saukowa a dunƙule.

Shara na toshe magudana, gaskiya ne, kuma ba na wanke wanda ke jiran hadari ya haɗo ya fito da kwandon shararsa. Sai dai duk wanda ya sunkuya ya leƙa kwatar layinsu zai ga ledar ba ita kaɗai ta tsaya ba, wani abu ne ya tare ta. Ga bututun ruwan famfo guda huɗu ko biyar sun ratsa kwatar a tsakiyar zurfinta, kowane gida da nasa. Ga silab ɗin shiga gida da wani ya zuba ya sauko ƙasa da bakin kwatar, ya cinye kashi ɗaya cikin uku na hanyar ruwa don motarsa ta shiga ba gargada. Ga katakon da aka tokare simintin da shi tun ranar zubi, ba a cire ba. Leda ɗaya ta maƙale a bututu, kara ya zo ya tsaya a kanta, yashi ya taru a baya, kafin minti ashirin an sami madatsa. A ƙarƙashin duk wannan kuma yashi ne da laka, waɗanda sukan fi sharar yawa, daga titunan da ba kwalta da tulin yashin gini da ake jibgewa a bakin hanya.

Sannan ga yadda ake gina magudanan. Sau da yawa ana yin kwata ne a matsayin adon titi, ta bi kwalta inda kwangila ta fara, ta tsaya inda kwangila ta ƙare, ta juye ruwan unguwa guda a ƙofar wanda ya yi rashin sa'ar zama a ƙarshen layi. Aikin magudana daga ƙasa ake fara shi, daga inda ruwan zai faɗa rafi, a hauro sama, tana ƙara faɗi yayin da take gangarawa. Tana bukatar gangara, ko da mita ɗaya ce a cikin kowace mita 100 zuwa 200, don ruwa ya yi gudun da zai tafi da yashinsa. In ta kwanta daidai, tafkin sauro aka gina. Girman kwalbati ma ana raina shi. Zobe mai faɗin santimita 90 yana wuce ruwa kusan ninki uku na mai santimita 60, alhali bambancin kuɗinsu bai kai haka ba. Ɗan kwangila da ya sa ƙarami ya rage 'yan kuɗi kaɗan, unguwa kuma ta biya da gidajenta. Ko aikin gayyar da matasa ke yi, wanda abin a yaba ne, yakan lalace a mataki na ƙarshe: a kwashe laka da shebur a tara a bakin kwata, babu tifar da za ta ɗauke, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Yashe magudana ba tare da motar kwasa a ranar ba wahala ce kawai. Ƙaramar hukumar da ba za ta iya komai ba, ta iya ba da tifa da mai na kwana uku a watan Maris, ta sake a ƙarshen Yuli kafin marka.

Mai gida ma yana da abin yi a cikin katangarsa. Ya bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsakar gida ba siminti, ko ya zuba tsakuwa. Ya tara ruwan indararo a tanki. Ya haƙa ramin shanye ruwa mai zurfin mita ɗaya da rabi, a cika da duwatsu, nesa da ginin da aƙalla mita uku zuwa biyar, nesa kuma da rijiya da masai. Gida ɗaya ba zai canza komai ba, amma in KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ta sa wannan cikin sharuɗɗan izinin gini ta kuma bi sawu, layi guda zai ji bambanci.

Da yawa daga cikin waɗanda damina ke kashewa a unguwanninmu da ƙauyukanmu ba kogi ke tafiya da su ba, gini ne ke faɗo musu, galibi da daddare bayan kwana biyu ko uku ana marka. Katangar ƙasa daga gindi take mutuwa. Ruwa ya kwanta a jikinta, ko feshin indararo ya yi ta dukan ƙasanta, danshi ya yi ta hawa a cikin tubali, ƙasan ya koma taɓo alhali saman yana nan da nauyinsa. Filastar siminti a kan ginin ƙasa tana ɓoye cutar ne: ruwa ya shiga ta tsaga ya kasa fita, waje ya yi kyau, ciki ya ruɓe. Alamun a bayyane suke ga mai lura. Layin danshi da ya haura gwiwa, filasta da ta kumbura ko take ƙarar fanko in an ƙwanƙwasa, tsaga da ke buɗewa a kusurwa, ƙofar da jiya take rufuwa yau ta ƙi, ƙasa na zubowa daga azara. Wanda ya ga biyu daga cikin waɗannan ya fitar da yara daga ɗakin a daren, ko da a zauren maƙwabci za su kwana. Magabata sun san dalilin da ya sa suke yin dakali a gindin katanga suna kuma sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Mai sabon gini, ko da na ƙasa zai yi, ya tayar da tushe da dutse ko bulon siminti har santimita 45 zuwa 60 sama da ƙasa, ya shimfiɗa leda mai kauri a kai kafin ya ɗora tubali, ya karkata daɓen gefen gini ruwa ya riƙa gudu waje. Tun ran gini tun ran zane.

Haka batun rufi yake. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta daga gabas yake tasowa, iska mai ƙura a gaba, ruwa a baya. Mutane na zaton iskar tura rufi take yi. Tsotse shi take yi sama, musamman a kusurwoyi da bakin rufi da ƙololuwa, in kuma taga ko ƙofa ta ɓalle ta gefen da take bugowa, sai ta cika ɗakin ta tura daga ciki, ƙarfi biyu su haɗu. Ƙarfinta kuma ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: in gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Duba rufin da iska ta jefar a layi. Sau da yawa za ka same shi ɗungurungum, kwano da katako a haɗe, ƙusoshi na nan daram. Wato kafinta ya yi aikinsa, abin da ba a yi ba shi ne ɗaure rufin da ginin. An aza katako a kan bulo, an toshe da siminti, an bar nauyinsa ya riƙe shi.

Gyaran ba shi da tsada in aka yi shi a kan lokaci. A zuba linta ta zagaye ginin gaba ɗaya. A dasa kwata-rodi ko langalanga a cikinta tun simintin yana ɗanye, a kowace mita ɗaya ko ƙasa da haka, a naɗe katakon da ke kwance a kan bango da shi, a kuma naɗe ƙafar kowace rafta. Siraran katakon tu-bai-tu da ake buga kwano a kai kada tazararsu ta wuce santimita 90, a matse su kusa da baki. A bakin rufi da ƙololuwa a buga ƙusa mai hula a kan kowane tudun kwano, a tsakiya ne ake iya tsallake ɗaya. Lefen da ya fito waje kada ya wuce rabin mita, a kuma rufe ƙarƙashinsa. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska, mai kwance sosai kuma shi ya fi saurin tashi. Baranda a yi mata rufinta daban, don in ta tashi kada ta ja na ɗaki. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake jerawa a kan kwano ba sa riƙe komai in iskar gaske ta zo, sai dai su sauko a kan mutum. Tsohon gida ma ana iya ɗaure shi: a fasa bango layin bulo biyu ko uku ƙasa da katako, a zura rodi a naɗo, a toshe.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne makarantun gwamnati. Dogon gini mai azuzuwa uku ko huɗu, baranda a gaba, tagogi ba marufi, a fili fetal ba bishiya ko ɗaya, kamar an yi shi ne don iska ta ɗauka. Rufi ya tafi a Mayu, yara su koma gindin mangwaro ko gida har zangon ya ƙare, ruwa ya ci allo da benci da daɓe, shekara mai zuwa a ba da kwangilar gyara, a maimaita rufin yadda yake a da. Bai kamata injiniyan da ke duba aiki ya sa hannu a biya kuɗin rufin makaranta ko asibiti ba sai ya ga ɗaurin da idonsa kafin a buga silin. Layi biyu na darbejiya ko maɗaci a gabashin makaranta, nesa da gini daidai tsawon da bishiyar za ta kai in ta girma, zai karya kaifin iskar cikin shekaru kaɗan.

Tsawa kuwa an fi barin ta ga camfi, alhali ƙa'idarta gajeriya ce. Daƙiƙa uku tsakanin walƙiya da ƙara na nufin kilomita ɗaya. In bai kai daƙiƙa 30 ba, manomi da makiyayi da masu ƙwallo su bar fili, kada kuma su fake a gindin bishiya tilo, su nemi gini ko mota mai rufin ƙarfe, su jira rabin sa'a bayan ƙarar ƙarshe. Wanda tsawa ta faɗa wa ba ya ɗauke da wuta a jikinsa. A wasu wurare akan tsaya neman nono kafin a taɓa shi, a nan ake rasa shi, domin sau da yawa zuciyarsa ce ta tsaya. In ba ya numfashi, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana neman mota.

Mu koma bakin kogi, domin a can ne rigima take. Fadama gadon kogi ce, yana barin ta ne aro. Dillali zai ce wa mai saye, “Alhaji, shekara goma ruwa bai zo nan ba,” kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma wurin da ruwa ke kaiwa sau ɗaya a shekara 20 bisa matsakaici yana da kashi 5 cikin 100 na shiga ruwa a kowace damina, kuma wanda ya zauna a wurin shekara 20, yiwuwar ya ga ruwa a ɗakinsa aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 64 cikin 100. Da rani ake sayar da irin waɗannan filaye, ƙasa a bushe, farashi da sauƙi. Mai saye ya je ya tambayi masu noman rani da masu ɗiban yashi na wurin, ya duba tabon ruwa a jikin tsofaffin katangu da ledojin da suka maƙale a rassan bishiya sama da kansa. Su ne shaidun da ba su da kamasho a cinikin.

Ba talaka kaɗai ke zaune a fadama ba, kuma ba shi ya fi yin ɓarna ba. Mai hali yakan sayi fili a bakin rafi, ya zuba tifa ɗari ta jar ƙasa, ya ja katanga mai tsayi. Gidansa ya tsira, ruwan da a da yake kwanciya a wurin ya koma kan maƙwabcin da ba shi da kuɗin ciko. Kowane ciko yana matse kogi yana ɗaga tsayin ruwa ga kowa. Saboda haka in za a yi doka, ta fara da hana ciko da sabon gini, a kan kowa. KADGIS, hukumar rajistar filaye, tana da taswirar filayen jihar a kwamfuta. A zana iyakar da ruwa ya kai a 2003 da 2012 a kanta, a kafa ginshiƙai masu fenti a ƙasa inda kowa zai gani, a buga taswirar a ofishin hakimi da na mai unguwa, a daina ba da takarda ko izinin gini a cikin layin. Filin kuma kada a bar shi haka nan, don fili mara mai shi ba ya daɗewa a Kaduna. A ba masu lambu, a yi filin ƙwallo, a dasa itatuwa, abubuwan da ruwa zai hau ya sauka ba a yi kuka ba.

Waɗanda suka riga suka gina fa? Ba na goyon bayan a wayi gari da katafila a tsakiyar damina. Da yawansu da guminsu suka saya, wasu har da takardu a hannu, wani ne ya sa musu hannu. Gidajen da ke cikin bakin ruwa sosai dole su tashi, amma da diyya da fili a inda mutum zai iya kaiwa ga sana'arsa. In aka kai mai wankin mota ko mai sayar da kayan miya bayan gari inda ba hanya ba ruwa ba makaranta, zai sayar da filin ya dawo haya a fadamar da ya baro. Sauran kuma, waɗanda ruwa ke kai wa jefi-jefi, abin da suke bukata shi ne gargaɗin da zai yi musu amfani.

Hasashe muna da shi. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, na fitar da hasashen damina a farkon shekara, NIHSA, hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, na fitar da na ambaliya tana ambaton jihohi da ƙananan hukumomi, hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya, KADSEMA da NEMA, na shiga rediyo. Matsalar ita ce in an ce Chikun ko Igabi na cikin haɗari, ba a gaya wa kowa komai ba, don kowace ɗayarsu ƙasa ce mai faɗi, tudu da kwari. “A koma kan tudu” ma ba umarni ba ne in ba a faɗi wane tudu ba, yaushe, wa ke riƙe da makulli. Abin da ke aiki ƙaramin abu ne. A sa ma'aunin tsayin ruwa a ƙafar gadojin cikin gari da na sama, a kan Galma da kan babban kogin, da fenti kore da rawaya da ja, a daidaita launukan da tabon ambaliyar baya. A ɗauki mutum a biya shi ya riƙa karantawa safe da yamma daga Yuli zuwa Oktoba, in ruwa ya taɓa rawaya kuma kowace sa'a. Saƙo ya tafi ta waya ga masu unguwanni, daga nan lasifikar masallaci da ta coci su ɗauka. Rawaya na nufin a ɗaga hatsi da katifa, a sa takardun gida da na makaranta da katin asibiti a leda a ƙulle, a kai tsofaffi da masu ciki da marasa lafiya gidan 'yan'uwa, waɗanda mai unguwa ya riga ya rubuta sunayensu tun Yuni. Ja na nufin a kashe wuta daga mita, kowa ya fita zuwa makarantar da aka ambata da suna. Mutane da yawa na ƙin fita ne saboda tsoron ɓarayi, kuma tsoron nasu yana da tushe. In ba a tanadi 'yan sintiri da 'yan sanda da za su tsare layin da aka bari ba, maza za su zauna gadi har ruwa ya rufe hanya.

A kuma daina gwada ƙarfi da ruwa mai gudu. Mai zurfin santimita 15, wanda bai wuce idon sawu da kaɗan ba, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 na tafiya da babba. Ɗan acaɓa da mai Keke da ke kutsawa kan kwalbatin da ruwa ya shafe ba su san ko kwalbatin na nan ba. Yaran da ke fita wasan ruwa a bakin babbar kwata su ne ake nema washegari a rafi.

Janyewar ruwa ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Masai ya cika ya tumbatsa, ruwan ya bi ta bakin rijiyar da ba ta da katanga, bayan 'yan kwanaki amai da gudawa su ɓulla, bayan makonni kuma zazzaɓin cizon sauro. Rijiyar da ambaliya ta shiga ba a shan ta sai an kwashe ruwan, an yashe, an zuba sinadarin kulorin an bar shi ya kwana, an sake kwashewa. Kafin nan a tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko a sa maganin tsabtace ruwa bisa umarnin da ke jikin kwalba a jira rabin sa'a. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana tafiya asibiti. Aikin rani a nan shi ne a ɗaga bakin rijiya ya kai ƙugu, a yi mata daɓe mai gangara da murfi, a kuma nisanta sabon masai da ita da mita 30 in fili ya ba da dama, a gefen gangare. Hatsin da ya jiƙe ya yi fumfuna ba a ci, ba a kuma ba kaji.

Za a ce ina kuɗi. Jiha da ƙananan hukumomi 23 suna da kaso a asusun kula da muhalli da ake cirewa daga asusun tarayya, kuma Kaduna na cikin jihohin arewa da ke cin gajiyar ACReSAL, shirin Bankin Duniya na farfaɗo da ƙasa da jure sauyin yanayi. Abin da nake nema shi ne kowace ƙaramar hukuma ta fitar da jeri a watan Janairu, a manna a sakatariya a kuma karanta a rediyo: kwalbati kaza a layi kaza za a faɗaɗa daga santimita 60 zuwa 90, magudana kaza za a kai ta har rafi, makaranta kaza za a ɗaure rufinta, ga kuɗin, ga ɗan kwangilar, ga ranar gamawa. Ranar kuma kada ta wuce ƙarshen Maris, domin kuɗin da aka saki a Yuli siminti ne za a zuba a cikin ruwa. Kansila da mai unguwa da ƙungiyar matasan layi su riƙe kwafin jerin, su je da tef su auna zoben kafin a binne shi.